Idan Alƙalin Wasa Ya Kuskure, 'Yarki Ke Take Kallo

Yau zancen zai tsallaka teku, wajen 'yan uwanmu da ke zaune a Amurka da Kanada, waɗanda 'ya'yansu mata ke makaranta a can.

Da zarar sanyi ya fara ja da baya, wajen watan Maris, sai yarinya ta dawo gida da takarda a hannu, tana so a sa mata hannu ta shiga ƙungiyar sofbol ta makaranta ko ta unguwa. Ki sa hannu, ki sayi safar hannu ta fata da hular kwano, ki riƙa kai ta fili ranar Asabar. Ana nan ana nan, wata rana alƙalin wasa ya dunƙule hannu ya ce 'yarki ta fita, alhali ke da idonki kin ga ƙafarta ta riga ƙwallo isa. Zuciyarki ta taso, wuyanki ya yi zafi, ga yarinya ta juyo tana neman fuskarki a cikin 'yan kallo.

Abin da za ki yi a wannan minti ɗayan shi ne zancenmu na yau. Ke ma da ke gida, kada ki wuce. Duk uwar da ɗanta ke buga ƙwallon ƙafa ko shiga tsere a makaranta za ta haɗu da irin wannan rana, sunan wasan ne kawai ya bambanta.

Wasan a taƙaice

Sofbol ƙanwar besbol ce. An fara buga ta a birnin Shikago a 1887, yau kuma mata ne suka fi yin fice a cikinta. Ta shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, aka cire ta bayan 2008, ta dawo a Tokiyo inda Jafan ta doke Amurka da ci 2 da nema a wasan ƙarshe, kuma za ta sake dawowa a 2028.

Kowace ƙungiya na da 'yan wasa tara. Fili yana da tashoshi huɗu: ta ɗaya, ta biyu, ta uku, da gida. Mai jifa tana wurgo ƙwallo ta ƙasan kafaɗa, mai bugu ta yi ƙoƙarin kai mata sanda. In ta buga, sai ta ruga tasha ta ɗaya kafin a jefo ƙwallon can. Duk wadda ta zagaye tashoshin ta dawo gida, ƙungiyarta ta sami maki ɗaya. In aka fitar da mutum uku, sai a yi musanya, masu bugu su koma tsaro. Ana yin haka turmi bakwai.

Akwai alƙali tsugune a bayan mai cafewa, shi ke faɗin ko jifa ya bi ta inda ya kamata, wato saman farantin gida, tsakanin ƙirjin mai bugu da gwiwarta. Jifa mai kyau uku ba ta buga ba, ta fita. Jifa huɗu da suka kauce, ta tafi tasha ta ɗaya kyauta. Sauran alƙalai suna tsaye kusa da tashoshi, su ke cewa mai gudu ta tsira ko ta fita.

Dalilin da ya sa kuskure ba ya ƙarewa

Tsakanin mai jifa da mai bugu, a wasan manyan 'yan mata, ƙafa 43 ne kacal, wajen mita 13. Ƙwararriyar 'yar wasan Amurka Monica Abbott ta taɓa yin jifa mai gudun kilomita 124 a awa a 2012. Ko jifan da bai kai wannan ba yakan iso cikin kusan rabin daƙiƙa. A cikin wannan ƙiftawar ido ake so alƙali ya tantance ko ƙwallo ta taɓa gefen farantin da faɗinsa bai wuce inci 17 ba.

Tsakanin tasha da tasha kuma ƙafa 60 ne, yarinya mai sauri takan cinye shi cikin daƙiƙa 3 ko ƙasa da haka. Ido ɗaya ba zai kalli ƙafar mai gudu ya kuma kalli safar mai tsaro a lokaci guda ba. Shi ya sa ake koya wa alƙalai su zuba ido a kan ƙafa, su kasa kunne su ji ƙarar shigar ƙwallo cikin safa. To, in 'yan kallo suna ta ihu fa?

Ki ƙara da wannan: a manyan wasanni alƙalai uku ko huɗu ake sa wa, ga na'urorin ɗaukar hoto ta ko'ina. A wasan 'yarki mai shekara 11, sau da yawa alƙali ɗaya ne ko biyu, wani lokaci ma ɗan sakandare ne mai neman kuɗin kashewa, yana tsaye cikin rana tun safe, wasa na bin wasa.

Sannan ke kanki, daga inda kike zaune, a karkace kike ganin fili, ta cikin ragar waya, kuma da idon uwa. Idon uwa kuwa ya riga ya zaɓi gefe tun daga gida. Wani lokaci ke ce da gaskiya, alƙali ya kuskure ƙarara. Wani lokaci kuma shi ya gani daidai. Daga benci ba kullum ake iya bambancewa ba.

Kuskure iri biyu ne

Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci ki riƙe, ki kuma koya wa 'yarki, domin duk dokar wasan a kan wannan rabe-rabe ta ginu.

Iri na farko shi ne hukuncin ido. Jifa ya shiga ko ya kauce? Ta tsira ko ta fita? Ƙwallo ta faɗa cikin layi ko waje? Irin wannan, abin da alƙali ya ce shi ke nan. Littattafan dokar wasan sun hana a shigar da ƙara a kansa, kuma kocin da ya tsaya gardama kan jifa ya shiga ko bai shiga ba, ana iya yi masa gargaɗi, ana iya korarsa daga fili. 'Yar ƙofar da aka bari ita ce, koci ya je wurin alƙalin da ya yanke hukuncin, cikin ladabi, ya roƙe shi ya tambayi abokin aikinsa ko ya hango abin da shi bai gani ba, misali mai tsaro ta ɗaga ƙafa daga tasha, ko ƙwallo ta suɓuce mata. Alƙalin na iya yarda, yana iya ƙi. Abokin aikin nasa kuma ba ya tsoma baki sai an tambaye shi.

Iri na biyu shi ne kuskuren doka. Nan alƙali ya ga abin da ya faru daidai, amma ya ɗora masa hukuncin da ba shi ne a littafi ba. Misali doka ta ce a ba mai gudu tasha biyu, shi kuma ya ba ta ɗaya. Wannan kam ana gyara shi. Koci zai nemi a dakata, ya faɗi dokar. In ba a daidaita ba, a gasa da yawa yana da damar shigar da ƙara a rubuce, shugabannin gasa su duba. Sai dai akwai sharaɗi mai tsauri: dole ya yi magana kafin a sake yin jifa na gaba. Da zarar ƙwallo ta sake barin hannun mai jifa, ƙofa ta rufe.

Akwai kuma na uku, wanda ba kuskure ba ne ko kaɗan, rashin sanin doka ne daga wajen 'yan kallo. A sofbol, mai gudu ba ta barin tasha sai ƙwallo ta bar hannun mai jifa. In ta yi gaggawa da taku ɗaya, ta fita, ko ba wanda ya taɓa ta. Haka nan, a wasan waɗanda suka ɗan girma, in jifa na uku ya suɓuce wa mai cafewa, akwai yanayin da mai bugu ke da ikon rugawa tasha ta ɗaya maimakon ta koma benci. Uwar da ba ta san waɗannan ba sai ta miƙe tana cewa an yi zalunci, alhali littafi alƙalin ya bi. Don haka tun farkon kaka ki tambayi koci wane littafin doka gasarku ke bi, domin na makarantu daban, na ƙungiyoyin unguwa daban. Ki sauke shi a wayarki, ki riƙa leƙawa kina jiran a fara wasa.

Kin lura a duk wannan bayani ba inda aka ambaci uwa? Ba mantuwa ba ce. Doka ta ba koci baki, ba ta ba 'yan kallo ba. Ko hoton bidiyon da kika ɗauka da wayarki, komai kyansa, alƙali ba zai karɓa ya duba ba. A wasannin jami'o'in Amurka an fara ba koci damar neman a sake duba bidiyo tun kakar 2022, sau biyu a wasa, amma da na'urorin gasa, ba da wayar iyaye ba. A filin yara kuwa galibi babu wannan tsari.

Abin da ihu ke jawowa

A watan Afrilu na 2022, a garin Laurel na jihar Misisifi, an yi wasan sofbol na 'yan mata masu shekara 12 zuwa ƙasa. Wata uwa ta yi ta zagin alƙaliyar wasa har aka ce ta bar fili. Maimakon ta tafi gida, sai ta tsaya ta jira, da aka tashi ta tare matar ta naushe ta a ido. 'Yan sanda suka kama ta, hotonta ya bazu a duniya, sanye da riga mai rubutun da ke cewa ita ce gwarzuwar uwa ta shekara. Ita kuwa alƙaliyar, cike gurbin wani da bai ji daɗi ba ta zo yi. Ki tsaya ki tuna da 'yar wannan mata, da yadda za ta shiga aji ranar Litinin.

Na san za ki ce ke ba za ki taɓa kai wa nan ba, kuma na yarda. Amma naushi ɗaya ba shi ke korar alƙalai ba. Abin da ke korar su shi ne tsaki da habaici da ihun kowace Asabar. Ƙungiyar NFHS, mai tsara dokokin wasannin makarantun sakandare a Amurka, ta bayyana a 2022 cewa kimanin alƙalan wasa 50,000 sun ajiye aiki tun daga kakar 2018 zuwa 2019, kuma ta sa halin iyaye da 'yan kallo cikin manyan dalilai. In gogaggu suka tafi, sababbi ake turowa, kuskure ya ƙaru, ihu ya ƙaru, su ma su gudu. Daga ƙarshe a ɗage wasan yara don babu mai alƙalanci.

Wata gasar yara a garin Deptford na jihar Niyu Jazi ta gaji a 2023, ta kafa doka cewa duk ɗan kallon da ya ci zarafin alƙali ba zai sake shiga fili ba sai ya sa kayan alƙali ya yi alƙalancin wasa uku da kansa. Dabara ce mai kyau, domin daga inuwa kowa gwani ne.

Kina kan benci

To me za ki yi a lokacin? Abu na farko, ki saita fuskarki. Yarinya kafin ta san ko abin da ya faru babba ne ko ƙarami, fuskar uwarta take dubawa. In ta ga kin miƙe kina nuna alƙali da yatsa, ta karanta cewa an cuce ta, kuma wasan ya lalace. Da wannan tunanin za ta koma tsaro, ƙwallo ta zo mata hankalinta na can wurin abin da ya wuce. Kuskuren alƙali ɗaya ya haifi nata biyu.

Ki tafa mata, ki kira sunanta, ki ce “Madalla da gudu, saura na gaba.” Wannan ba munafunci ba ne, gudun dai ta yi shi da kyau.

Na biyu, ki bar koci ya yi aikinsa. In bai fita ya yi magana ba, wataƙila ya san hukuncin ido ne, ba abin da magana za ta canza. Wataƙila kuma yana tattalin bakinsa ne don lokacin da zai yi amfani, domin alƙali ya fi sauraron kocin da ba kullum yake ƙorafi ba.

Na uku, ki kula da zagi da Hausa. Wasu na ganin tunda alƙali ba ya ji, ba laifi a sauke masa ta cikin harshenmu. Shi bai ji ba, amma 'yarki ta ji, ƙannenta da ke gefenki sun ji, kuma muryar zagi ba ta buƙatar tafinta. Magana zarar bunu ce.

In kin ji zuciya na neman fin ƙarfinki, ki tashi ki je ki sayo ruwa, ki zagaya ki dawo. Kada kuma ki bi alƙali wurin ajiye motoci, ko da niyyar tambaya ce kawai. A wurinsu wannan babban laifi ne, yana iya sa a hana ki shiga fili har ƙarshen kaka.

A mota, kan hanyar gida

Nan ne ainihin aikinki yake. Kada ki riga ta buɗe zancen. Ki ba ta ruwa da abin taɓawa, ki bar ta ta huce. In ta yi shiru har gida, ba komai. In ta ce, “Mama, ai na riga ƙwallon isa,” to a nan akwai ramuka biyu.

Rami na farko shi ne ki ce mata alƙali ba ya kuskure, ita ce ba ta gani daidai ba. In ta san ta riga isa, kin koya mata ta ƙaryata idonta don babba ya yi magana, kuma gobe in wani babba ya yi mata abin da ya fi wannan, ba za ta kawo miki ba.

Rami na biyu shi ne ki ce alƙalin nan mugu ne, shi ya kayar da su. Wannan ya fi daɗi a baki, amma guba ce mai aiki a hankali. Yarinyar da ta saba jin haka, ranar da ta faɗi jarrabawa malami ne, ranar da ba a ɗauke ta aiki ba mai tambaya ne. Ba za ta taɓa duba nata hannun ba.

Tsakaninsu akwai hanya. Ki ce, “Ni ma haka na gani, ina jin kin riga isa. Ya kuskure, kuma da ciwo. Amma irin hukuncin da ba a canzawa ne.” Sai ki ɗan dakata, sannan ki tambaye ta wane abu ne ya yi mata daɗi a wasan, wane kuma take so ta gyara kafin Asabar mai zuwa. Wasa mai turmi bakwai yana da jifa sama da ɗari. Da wuya a ce guda ɗaya ne ya yanke komai.

Ki kuma tuna mata ranar da kuskure ya faɗo ta gefenta, aka ce ta tsira alhali ta san ta fita. Ran nan ba wanda ya yi ihu. In ta iya riƙe waɗannan ranaku biyu tare, ta fara gane adalci.

In akwai abin da kike son faɗa wa koci, ƙungiyoyi da yawa suna roƙon iyaye su jira awa 24 kafin su kira ko su tura saƙo. Ki bi wannan ko da ƙungiyarku ba ta rubuta shi ba. Haka nan zauren iyaye na WhatsApp, kada ki saka bidiyon da daddare kina neman masu taya ki fushi.

Labarai biyu da za ki ba ta

A ranar 26 ga Afrilu 2008, a garin Ellensburg na jihar Washintan, jami'ar Western Oregon ta kara da Central Washington. Wata 'yar wasa mai suna Sara Tucholsky, wadda ke shekararta ta ƙarshe, ta buga ƙwallo ta tsallake shinge, karo na farko a rayuwarta, ga abokan wasanta biyu a kan tashoshi, wato maki uku ke nan. Cikin murna ta wuce tasha ta ɗaya ba ta taka ba, da ta juyo don ta taka sai jijiyar gwiwarta ta tsinke, ta faɗi.

Alƙalai suka ce in 'yan ƙungiyarta suka taimaka mata ta fita, in kuma aka sa wata a madadinta, to a tasha ta ɗaya za ta tsaya, bugun ya tashi daga na tsallake shinge. Sai Mallory Holtman, 'yar ɗaya ƙungiyar, ta tambayi alƙali ko doka ta hana abokan hamayya su ɗauke ta. Aka ce ba ta hana ba. Ita da Liz Wallace suka tallabe ta, suka zagaya da ita, a kowace tasha su sunkuya ta taɓa da ƙafarta mai lafiya, har gida. Ƙungiyarsu ta sha kashi da ci 4 da 2.

Daga baya hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta bayyana cewa alƙalan sun kuskure dokar, domin ana iya sa wata ta ƙarasa zagayen, makin ya tsaya yadda yake. Kin ga kuskuren doka ke nan, irin wanda littafi ke warwarewa. Amma abin da duniya ta riƙe shi ne yadda 'yan mata biyu suka amsa kuskuren.

Na biyun daga besbol ne. A ranar 2 ga Yuni 2010, Armando Galarraga na ƙungiyar Detroit Tigers ya fitar da mutum 26 a jere, saura ɗaya ya kammala abin da mutum 20 kaɗai suka taɓa yi a tarihin babbar gasar Amurka zuwa lokacin. Na 27 ya buga, aka riga shi isa tasha ta ɗaya, amma alƙali Jim Joyce, mai gogewar fiye da shekara 20, ya ce ya tsira. Galarraga ya yi murmushi kawai, ya koma ya fitar da na gaba. Da Joyce ya ga bidiyon, ya nemi ɗan wasan ya ba shi haƙuri yana hawaye. Washegari Galarraga da kansa ya kai masa takardar jerin 'yan wasa a gaban dubban mutane, suka gaisa. Hukuncin bai canza ba har yau. Darajar mutanen biyu kuwa ta ƙaru.

In abin ya wuce kuskure

Akwai tambayar da ke cikin zuciyar uwa baƙar fata a ƙasar wasu: anya kuskure ne, ko don launinta ne, ko sunanta, ko ɗankwalinta? Ba zan ce miki wannan ba ya faruwa ba. Amma hukunci ɗaya a wasa ɗaya ba hujja ba ne. Abin lura shi ne maimaici: alƙali ɗaya, yarinya ɗaya, mako bayan mako, ko wata kalma da ya furta, ko dokar da ake ɗora mata ita kaɗai. In kin ga haka, ki rubuta rana da fili da abin da aka faɗa da waɗanda suka ji. Ki kai wa koci. In bai motsa ba, ki kai wa daraktan wasanni na makaranta ko shugabannin gasa, a rubuce. Su ke da ikon tuntuɓar masu tura alƙalai. Haka za ki yi, ba tare da jira ba, in abin ya shafi lafiyar yara, kamar ci gaba da wasa ana walƙiya, ko barin yarinyar da ƙwallo ta buga a kai ta koma fili ba a duba ta ba.

Wani lokaci ma dokar ce da kanta ke da gyara. A watan Afrilu na 2021, a birnin Durham na jihar Karolina ta Arewa, alƙalai sun ce wa wata ɗaliba baƙar fata mai shekara 16 ta cire duwatsun adon da ke kitsonta ko ta bar wasa, har sai da aka yanke mata gashi a bakin fili. Ita da iyayenta suka fito suka yi magana, hukumar makarantun birnin ta goya mata baya. Cikin 'yan watanni NFHS ta cire haramcin irin waɗannan duwatsu daga dokar sofbol, ta kuma yarda a rufe kai saboda addini ba sai an nemi izinin hukumar jiha ba. Da ihun benci aka tsaya, da dokar na nan. In 'yarki na sa ɗankwali ko kitso mai duwatsu, ki nemi abin da littafin gasarku ya ce, ki tattauna da koci tun kafin wasan farko, rigakafi ya fi magani.

Haƙurin da nake kira gare shi ba na rufe baki ba ne. Sanin ƙofa ne: wanne ake haɗiyewa, wanne ake kai wa koci, wanne ake rubutawa a kai sama. Mafi yawan 'ya'yanmu za su ajiye sandar sofbol kafin su gama sakandare. Abin da zai bi su har gidan aure da wurin aiki shi ne yadda suka ga uwarsu ta yi ranar da mai iko ya yi kuskure a kansu.

In an tashi wasan wannan Asabar ɗin, ki sa 'yarki ta je ta ce wa alƙali ta gode, ko da ranar ya kuskure mata. Sai mun ji daga gare ku, musamman iyayen da suka daɗe a bakin fili. Mu haɗu a mako mai zuwa.